GOYON TIRELA A KAN JIRGIN ƘASA: DARASI DAGA LAYIN KADUNA ZUWA KAFANCHAN

ZONKWA, Jihar Kaduna — Idan kaka ta yi aka tone citta, aka tsaga ta aka shanya, manyan motoci sukan yi jerin gwano a kasuwannin Zonkwa da Kafanchan da Kwoi da Kachiya suna lodin buhuna, sa'an nan su kama hanyar Legas, inda ake fitar da mafi yawan cittar zuwa ƙasashen waje. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, kuma kowace kilomita tana cin man gas da taya da kuɗin hanya, waɗanda a ƙarshe daga aljihun manomi da na ɗan kasuwa suke fita. A daidai wannan lokaci kuwa layin dogo yana nan shimfiɗe a garin Zonkwa, an daɗe rabonsa da jirgin kaya mai zuwa a kan kari.

Darasin kasuwanci na wannan fitowa zai duba wani tsarin sufuri da ke haɗa mota da jirgin ƙasa a tafiya guda, watau ɗora tirela da kayanta a kan tarago. Za a bayyana ma'anarsa da tarihinsa da lissafin ribarsa, a auna shi da halin da layin Kaduna zuwa Kafanchan yake ciki, daga nan a nuna yadda ƙananan samfuran jiragen ƙasa, waɗanda wasu ke ɗauka kayan wasa ne kawai, suke taimakon mai zuba jari kafin ya kashe kuɗinsa.

Ma'anar Tsarin

Amurkawa suna kiran wannan tsari da wani suna wanda ma'anarsa ita ce goyo, kuma sunan ya dace, gama jirgin ne yake goya motar. Yadda abin yake shi ne, ana yi wa tirela lodi a rumbun mai kaya ko a bakin kasuwa, a rufe ta a sa kwado, kan mota ya ja ta zuwa tashar jirgi mafi kusa. A can sai a ɗora ta a kan tarago marar bango, a ɗaure. Jirgi ya yi doguwar tafiyar, a tashar ƙarshe kuma wani kan mota ya zo ya ja ta zuwa ƙofar mai karɓar kaya.

Hikimar tsarin tana cikin raba aiki gwargwadon ƙarfin kowa. Mota tana shiga lungu da saƙo, tana kaiwa har bakin gona, amma tana da tsada a tafiya mai nisa, domin kowace tirela sai da injinta da direbanta da yaron mota. Jirgi kuwa ba ya barin layinsa, amma ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da wuyar ja kamar taya a kan kwalta. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa da man da mota za ta ɗauki tan guda, jirgi yana ɗaukar tan uku zuwa huɗu a nisa ɗaya. Babban aibin jirgi a da shi ne yawan sauke kaya da sake lodi: daga mota zuwa sito, daga sito zuwa tarago, a can ma haka. A kowane hannu buhu yana yagewa, wani ya ɓace, kuma ana biyan 'yan dako. A tsarin goyo ba a taɓa kayan ko sau ɗaya tsakanin mai aikawa da mai karɓa.

Inda Aka Faro

Dabarar ta girmi motar lodi. A cikin shekarar 1872 masu wasan nishaɗi na P. T. Barnum a Amurka suka fara yawo da kekunan dokinsu a kan taragai, suna turo su ta wani gangare da ke ƙarshen jirgi, su bi ta kan tarago bayan tarago har kowanne ya kai mazauninsa. A 1885 kamfanin jirgin Long Island ya riƙa ɗaukar kekunan manoma da amfanin gonarsu zuwa kasuwannin birnin New York. Ɗaukar tirelolin mota sosai ya fara a 1926 a layin da ya haɗa Chicago da Milwaukee.

Bunƙasar tsarin ta zo ne bayan 1954, lokacin da hukumar da ke kula da kasuwanci tsakanin jihohin Amurka ta yanke hukuncin da ya share wa kamfanonin jirgi hanyar ɗaukar tireloli. A 1955 aka kafa kamfanin Trailer Train, wanda yanzu ake kira TTX, domin ya mallaki taragai ya riƙa ba kamfanonin jirgi haya, maimakon kowa ya sayi nasa. Wani babban mataki shi ne yarjejeniyar 1989 tsakanin kamfanin motocin J. B. Hunt da kamfanin jirgin Santa Fe, inda abokan hamayya biyu suka ga cewa haɗa kai ya fi musu riba: mai mota ya nemo kaya ya kai ƙofa, mai jirgi ya yi doguwar tafiya.

A Turai, duwatsun Alps ne suka tilasta tsarin. An kafa kamfanin Hupac a Suwizalan a 1967, da Kombiverkehr a Jamus a 1969, kuma masu motocin sufuri suna cikin masu hannun jarin duka biyun. A 1994 jama'ar Suwizalan suka jefa ƙuri'ar amincewa da mayar da kayan da ke ratsa duwatsunsu daga hanyar mota zuwa layin dogo, a 2001 aka fara karɓar haraji daga manyan motoci gwargwadon nauyi da nisa, a 2016 kuma aka buɗe ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57. Misali mafi kusa da yanayin Nijeriya shi ne na Indiya, inda kamfanin jirgin Konkan ya fara ɗaukar motocin lodi sukutum a watan Janairu na 1999, domin ya raba su da hanyar gaɓar teku mai hawa da gangara da yawan haɗari.

Hanyoyin Lodi

Hanya ta farko ita ce ta gangare, irin ta mutanen Barnum. Ana gina tudun kankare a ƙarshen layi daidai tsayin tarago, a sa gadojin ƙarfe tsakanin taragai, kan mota ya tura tirela da baya har mazauninta. Wannan ita ce mafi araha, ƙaramar tasha ma tana iya yinta, sai dai tana cin lokaci, kuma tirelar da ta fara shiga ita ce ta ƙarshen fita.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙugiya, inda injin ɗaga kaya yake ɗaukar tirela ta gefe ya ajiye ta a tarago. A Turai ana yin taragai masu rami a tsakiya, inda tayoyin tirela suke nutsewa domin a rage tsayi. Wannan hanya tana da sauri, ana iya ɗaukar kowace tirela ba tare da taɓa sauran ba, amma injin yana da tsada, kuma sai tirelar da aka ƙarfafa jikinta domin ɗagawa. A Faransa an ƙera wani tarago da ake kira Modalohr, wanda cikinsa yake juyawa gefe mota ta hau. An fara aiki da shi a 2003 tsakanin Faransa da Italiya.

Hanya ta uku ita ce ɗaukar motar duka, kai da bodi, direba kuma ya bi jirgin. Ita ce ta Konkan, ita ce kuma ake yi a ramin da ke ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa tun 1994. Tana da sauƙi ga mai mota ɗaya ko biyu, wanda ba shi da wakili a tashar ƙarshe. Aibinta shi ne jirgin yana jan nauyin banza mai yawa, kuma kan motar, wanda shi ne mafi tsada a jarin mai sufuri, yana zaune ba ya aiki.

Duk waɗannan suna da kishiya, watau kwantena. Tun da Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a jirgin ruwan Ideal X a watan Afrilu na 1956, akwatin ƙarfe marar taya ya riƙa ƙwace kasuwa. Kwantena mai ƙafa 40 ba ta wuce kimanin tan huɗu ba in babu kaya, alhali tirela takan kai tan shida ko bakwai, mota sukutum kuwa kimanin tan 14 ko 15. Bugu da ƙari ana iya ɗora kwantena a kan 'yar'uwarta, kamar yadda aka yawaita yi a Amurka daga 1984. Saboda haka a yau kwantena ta rinjayi tirela nesa ba kusa ba a jiragen Amurka.

Lissafin Riba Da Faɗuwa

Ɗan kasuwa zai fahimci tsarin ne idan ya raba kuɗin sufuri gida biyu. Akwai kuɗin da ke ƙaruwa da nisa, kamar mai da taya da ladan direba. Akwai kuma kuɗin da ba ruwansa da nisa, watau na ɗorawa da saukewa a tashoshi biyu, da na kan motar da zai kai tirela tasha da wanda zai ɗauko ta. Jirgi ya fi araha a kashi na farko, mota kuma ba ta biyan kashi na biyu ko kaɗan.

Ga misali na koyarwa, wanda lambobinsa na kwatance ne, kowa ya sa farashin ranarsa a gurbinsu. A ɗauka cewa tirela tana cin N1,500 a kowace kilomita a kan kwalta, a kan jirgi kuma N900, sa'an nan kuɗin tashoshi biyu da jigilar kusa ya kama N300,000. Ke nan jirgi yana rage N600 a kowace kilomita. Idan aka raba N300,000 da N600 za a sami 500. Ma'ana, ƙasa da kilomita 500 mota ta fi araha, sama da haka jirgi ya fi.

A gwada wannan a kan layin Kafanchan. Daga Kafanchan zuwa Kaduna kilomita 179 ne a layin dogo: mota za ta ci N268,500, goyo kuwa N461,100, faɗuwa ce bayyananniya. A tafiyar kilomita 700, wadda ta yi kusa da nisan Kafanchan zuwa Fatakwal, mota N1,050,000, goyo N930,000, an sami rarar N120,000. A tafiyar kilomita 1,000, wadda ta yi kusa da nisan Kafanchan zuwa Legas ta Kaduna, mota N1,500,000, goyo N1,200,000, rara ta kai kashi 20 cikin ɗari. Darasin shi ne, tsarin goyo na doguwar tafiya ne, kuma duk naira ɗaya da aka rage a kuɗin tasha tana matso da iyakar riba kusa.

Akwai wata riba da ba ta shiga littafin ɗan kasuwa amma tana shiga na gwamnati. Gwajin da injiniyoyin hanyoyi suka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gindin taya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kimanin sau 16. Wannan ne ya sa tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima take lalata hanya fiye da dubban ƙananan motoci, kuma shi ne hujjar ƙasashen da ke tallafa wa tsarin daga baitulmali.

Tarihin Layin Kafanchan

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Bayan an gano kwal a yankin Udi a 1909, aka shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal zuwa Inugu, wanda aka gama a 1916, ya kai Makurɗi a 1924. A 1927 aka kammala layin Kaduna zuwa Kafanchan, wanda ya ratsa ta Zonkwa, da reshen Kafanchan zuwa Jos mai kilomita 101. Gadar kogin Binuwai a Makurɗi, wadda aka buɗe a 1932, ita ta cike haɗin. Daga baya aka ja layi daga Kuru zuwa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964.

Ta haka Kafanchan ta zama mahaɗar layuka uku: na Kaduna, na Jos da Maiduguri, da na Fatakwal. Kuzar Jos da gyaɗa da auduga da fatu da shanu suka riƙa bi ta nan zuwa kudu, kwal da gishiri da kananzir da kayan kanti suna haurowa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga sassan ƙasar nan suka zauna, har fadar Sarkin Jama'a ta komo garin a farkon shekarun 1930. Zonkwa kuwa, wadda a yau ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ta zama matattarar amfanin gonar ƙasar Bajju da Atyap da maƙwabtansu.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan uku. Bayan shekara goma, a 1974, kayan sun ragu zuwa tan miliyan ɗaya da 'yan kai. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da layin gabas, kuɗin man fetur ya tafi ga gina hanyoyin mota, noman gyaɗa da haƙar kuza suka ja baya, injuna da layi suka tsufa ba a sabunta ba. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, a 1995 kuma aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara, amma kayan da suka koma kan mota ba su dawo ba.

A 'yan shekarun nan an ga sabon motsi. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. An buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kaduna a watan Janairu na 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda Kafanchan take tsakiyarsa, ko da yake ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki a 2024. Har ila yau, gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba gwamnatocin jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, abin da a da na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai.

Sharuɗɗan Da Sai An Cika

Na farko shi ne faɗin layi. Tsohon layin da ya bi ta Zonkwa milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sababbin layukan kuwa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Kayan da za su tashi daga Kafanchan a tsohon layi, ko dai su zarce a kansa har Legas ta Minna da Jebba, ko a sauya musu tarago a Kaduna, kuma kowace sauyawa ƙarin kuɗin tasha ne a lissafin da ya gabata.

Na biyu shi ne tsayi. Tirela takan kai mita huɗu daga ƙasa, kan tarago na yau da kullum kuma kimanin mita ɗaya ne daga layi, jimla mita biyar ke nan. A kan siririn layi, kaya mai tsayi haka yana rinjayar tarago a kwana, kuma dole a auna kowace gada mai ƙarafa a sama, irin ta Makurɗi da ta Jebba, da gadojin mota da suka ƙetare layi. Suwizalan ma sai a 2020 ta gama faɗaɗa ramukanta domin tirela mai mita huɗu ta wuce. A wannan fuska kwantena, mai tsayin mita 2.6 ko 2.9, ta fi dacewa da tsohon layin Nijeriya.

Na uku shi ne lodi. Injin ɗagawa da tarago duka suna da iyakar nauyi, kuma buhunan da aka tula suka haura bodi aka ɗaure da igiya da tamfal ba za su wuce ƙarƙashin gada ba. Sai an kafa sikeli a ƙofar tasha, kuma an tsaya a kansa.

Na huɗu shi ne kayan dawowa. Citta kayan kaka ce, tana da watanninta, kuma annobar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna haɗarin dogara da kaya iri ɗaya. Jirgin da ya tafi cike ya dawo wayam ya ninka kuɗin kowace kilomita. Dole a haɗa masara da waken soya da doya da dabbobi a tafiyar kudu, a nemi taki da siminti da gishiri da kayan masarufi a dawowa. An gwada irin wannan a watan Satumba na 2016, lokacin da aka ɗauki shanu a jirgi daga Gusau zuwa Legas.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne cika alkawari. Mai citta da ya yi yarjejeniya da jirgin ruwa a Apapa ya gwammace ya biya mota da tsada a kan ya jira jirgin da ba a san ranar tashinsa ba. Araha ba ta ado idan kaya suka kwana wata guda a tasha, bashin banki yana hawa. Wannan ya haɗa da tsaro: harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, da satar ƙarafan layi da ta yawaita a wuraren da jirgi ya daina bi, duka suna shiga kuɗin inshora.

Jirgin Kan Tebur

Yaran ƙasar Hausa sun saba ƙera mota da karan dawa ko gwangwani ko waya. A Turai da Amurka da Japan, ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur sana'a ce mai kamfanoni da mujallu da ƙungiyoyi, kuma manya ne suka fi yinta. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara daidaita ma'aunin layukan a 1891. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Akwai kuma N, mai ragi sau 160, da layi na milimita tara. Mai son kwaikwayon tsohon layin Nijeriya a ragin sau 87 zai yi amfani da layi na milimita 12, ko kuwa ya ɗauki ragin sau 64 a kan layin milimita 16.5, kamar yadda ake yi a New Zealand da wasu sassan Ostareliya, masu irin faɗin layinmu. A birnin Hamburg, gidan kallon Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001 ya zama ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Jamus.

Amfanin abin ya wuce nishaɗi. A 1912 kamfanin jirgin Lancashire da Yorkshire a Ingila ya gina samfurin layi domin koyar da masu ba jirgi hannu, aka yi ta koyarwa da shi har 1995. Yanzu yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York.

Ga yadda samfuri zai yi wa mai niyyar kafa tashar goyo a Kafanchan ko Zonkwa aiki. A ɗauka jirgi mai tarago 20, kowanne mita 17, da inji mai mita 20: tsawonsa mita 360. A ragin sau 87 wannan mita huɗu ne da 'yan kai, a ragin sau 160 kuwa mita biyu da kwata, watau tebur ɗaya a ofis ya isa. Tambaya ta farko da samfurin zai tayar ita ce ko jirgin zai shiga layin ratse na tashoshin hanya, domin tsohon layin tilo ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a inda aka yi ratse. Idan ratsen ya gaza mita 360, dole a rage taragai, lissafin riba kuma ya sauya. Ta biyu ita ce lokaci: idan kowace tirela tana cin minti goma a gangare, 20 za su ci awa uku da minti 20, amma idan aka raba jirgin a layi biyu da gangare biyu, lokacin ya ragu da rabi. Ta uku ita ce jeri: tirelar da za a sauke a Minna, idan ta faɗa tsakiyar jirgi, sai an yanke taragai an yi ta kai da komo kafin a fitar da ita, saboda haka tun a tashar farko ake jera kaya bisa inda za su sauka. Haka kuma samfurin zai nuna filin da mota take bukata ta juya, da inda za a sa sikeli domin kada motoci su toshe ƙofa.

Na'urar kwamfuta tana yin wannan lissafi, amma gani ya kori ji. A gaban tebur, shugaban ƙungiyar direbobi da dillalin citta da manajan banki da injiniya za su kalli abu ɗaya, kowa ya nuna da yatsa inda matsalarsa take. Gyaran kuskure a kan katako kuɗin kafinta ne, a kan kankare kuwa miliyoyi ne. Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, da kwalejojin fasaha, wurare ne da suka dace da irin wannan aiki.

Abin Da Ya Rage Ga 'Yan Kasuwa

Gyaran layi aikin hukuma ne, amma akwai shirin da yake hannun 'yan kasuwa tun yanzu. Kowane mai fatauci ya san ainihin abin da tan ɗaya yake ci masa daga Zonkwa zuwa Apapa, har da kuɗin kwana a hanya da buhunan da suka lalace, domin da wannan adadi ne zai auna duk farashin da hukumar jirgi za ta kawo. Ƙungiyoyin masu citta da masu hatsi su riƙa rubuta yawan motocin da ke tashi daga kowace kasuwa a kowane mako, gama babu mai ba da jirgi sai ya ga alkaluman da za su cika tarago 20 a kai a kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai tirela biyar ba zai iya hayar jirgi ba, ƙungiya mai tirela ɗari tana iyawa, kamar yadda masu motocin Suwizalan da Jamus suka yi a 1967 da 1969.

Masu motoci kuma su lura da cewa a tsarin goyo, kan motar da yake yin sawu ɗaya zuwa Legas cikin mako yana iya yin sawu da yawa tsakanin Kwoi ko Kachiya da tashar Kafanchan, direba ya kwana a gidansa, taya da inji su daɗe. Wanda zai sayi sabuwar tirela ya yi tunanin mai shimfiɗaɗɗen baya da ke ɗaukar kwantena, domin bisa ga tsayi da nauyi da bukatar masu fitar da kaya waje, alamu sun fi nuna cewa kwantena ce za ta fara hawa layin Kafanchan kafin tirela. Masu ruwa da tsaki a yankin kuwa, sa'ad da ake zana aikin sabunta layin gabas, lokacin ne na neman a sa filin lodi da sikeli da dogon layin ratse a Kafanchan da Zonkwa cikin taswirar aikin, tun ba a zuba kankare ba. Tun ran gini, ran zane.